Ranar da Aka Ba Tsaya Lasifika

Na taka bokitan fenti da sabuwar motar kamfani a gaban manyan baƙi, kuma har gobe ina nan a kan bakana, lambar yabo ce ta jawo.

A siton fenti nake aiki. Ana kawo shi daga masana'anta a jibge mana, mu kuma mu rarraba wa shaguna. Ni direba ne. Harabar siton nan kuwa, wanda ya zana ta bai taɓa tura ko baro ba. Ƙofa a matse, dama bango, hagu rumfar kwano mai ƙafafun ƙarfe inda ake jera bokitai, kuma babbar mota ba ta shiga sai da baya. Madubi ba ya nuna maka komai sai bango da rabin kunnenka. Dole sai wani ya tsaya a baya yana ba ka hannu.

Mai ba ni hannu ƙanen matata ne. Sunansa na yanka sai yayarsa, a sito kowa Tsaya yake ce masa. Kalmominsa huɗu ne a duniya: zo, dama, hagu, tsaya. In ya ce tsaya sai ya haɗa da dukan bodin mota da tafin hannu, bam. Shekara da shekaru muna haka ban taɓa gogar ko kwali ba. Ba na leƙe, ba na tunani. Ya ce zo in zo, ya ce tsaya in taka birki. Ko a gida haka yake. Ya zo cin abinci wurin yayarsa, ya zauna, ya ce, "Ruwa." A tambaye shi ya abincin, ya ce, "Gishiri." Matarsa ta rantse mana ranar da ya nuna yana sonta "Zo" kawai ya ce, ita kuma ta zo.

Mai kamfani tsoho ne, dokarsa ɗaya ce kuma ba ya sake ta. Duk direban da ya lotsa mota, ya ajiye makulli ya koma Kaka. Kaka ita ce motar da aka fara kamfanin da ita. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta, kujerar katako ce aka shimfiɗa wa buhu, kuma ba ta tashi sai an tura. Na tuƙa ta farkon zuwana, har yau ƙuguna bai yafe mata ba. Da aka sayo sabuwar mota, tsohon ya miƙo mini makulli da hannunsa. Kujera kamar katifa, iska mai sanyi, rediyo, gilashi yana hawa da kansa. Akwai wani direba da muke ce wa Gajere, wanda sai ya ɗora matashi kafin ya hango titi. Tun ranar yake zagaya motar nan yana shafa ta kamar shi aka yi wa alkawari.

Ana haka 'yar mai kamfani ta gama karatu ta zo ta karɓi kujerar manaja. Ba ta daɗe ba bayan gidan ma'aikata ya toshe. Sakatare ya buga sanarwa ya manna a ƙofa. Sakataren nan mutum ne mai kwat ko kwalta na narkewa, in ka ce masa ina kwana to ka nemi wurin zama. Wani lebura mai ɗan karatu ya karanta mana da ƙarfi:

"Ana farin cikin sanar da ɗaukacin ma'aikata, manya da ƙanana, cewa bisa la'akari da wani yanayi da ya taso ba zato ba tsammani dangane da zirga-zirgar ruwa a sashen da abin ya shafa, hukumar gudanarwa na duba yiwuwar ɗaukar matakan da suka dace a lokacin da ya dace."

Muka ce madalla, ƙila hutu za a ba mu. Kowa ya zo ya dubi takarda, ya gyaɗa kai, ya tura ƙofa ya shiga ya yi abin da ya kai shi. Kafin yamma abin ya biyo mu har haraba.

Manaja ta fito da hannu a hanci. Ta karanta sanarwar, ta sake karantawa, ta sa aka kira Sakatare.

"Sakatare, me kake son ka ce a nan?"

"Ranki ya daɗe, a taƙaice, kuma ba tare da ɓata lokaci ba, idan aka dubi..."

"Me ya faru?"

"Ya toshe."

"To me ya hana ka rubuta ya toshe?"

Ya kama wuyan kwat ɗinsa ya gyara. "Ranki ya daɗe, ai ba zai yi kama da na ofis ba."

Ta yage takardar, ta karɓi alli ta rubuta a ƙofar da manyan baƙaƙe cewa ya toshe, kada a shiga. Ba wanda ya sake shiga. Gaskiya yarinyar tana da kai, ban ce ba ta da shi ba.

Washegari ta tara mu. Ta ce daga yau a sitonta magana a fili ake so, wanda zai ce abu ya ce shi yadda mai shara da mai kamfani za su gane lokaci guda. Ta ce kuma duk shekara za a karrama ma'aikacin da ya fi kowa iya wannan, don a san abin girmamawa ne, ba rashin ilimi ba.

"Wa kuke gani?" in ji ta.

Ni da bakina na ce, "Tsaya."

"Dalili?"

"Ba ya surutu."

Hannaye suka tashi, har na Gajere, ko da yake nasa sai an duba da kyau. Ta juya wurin Tsaya ta ce ya yarda? Ya ce, "To." Aka yi dariya aka watse. Ni a raina fanka nake zaton za su ba shi, in riƙa ara lokacin zafi.

Kafin ta shige ofis ta waiwayo ta ce ranar bikin wanda ya ci zai ɗan ce wani abu. Wannan ɗan wani abun shi ya kashe mu.

Da yamma Tsaya ya zo gidana ya zauna ko ruwa bai nema ba. Can ya ce, "Yaya. Jawabi."

Na ce, "Ka miƙe ka ce na gode, ka zauna. Shi ke nan."

Yayarsa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Na gode kawai? A gaban mutane? Haba, Baban yara. Tun da aka haife shi ba a taɓa kiransa gaban taro ba sai ranar da ya fasa tagar makaranta. Yau Allah ya ɗaga shi, kai kana so ya tsaya kamar turmi? Kai kuma ƙanena, tashi gobe ka je wurin Sakataren nan naku ya koya maka yadda manya ke yi."

"Mace, saboda Sakataren aka ƙirƙiro kyautar nan. Don a daina irin tasa."

"Oho dai. Shi yana da kwat, kai kana da shi?"

Daga nan duk lokacin hutun rana sai ka gan shi da Sakatare a bayan sito, kowa a kan bokitin da ya kife. Sakatare ya ce, "Ka ce bisa la'akari."

"Bisa."

"La'akari."

"Lakari."

"Ja shi. Kada ka yi sauri. Babban mutum ba ya saurin isa inda za shi."

Ban ce da mugunta ya yi ba. Shi a wurinsa taimako ne, ya ga mutum ba riga ya ba shi. Har tsohon kwat ɗinsa ya ara masa, hannun ya tsaya masa a gwiwar hannu.

Ranar biki aka jera kujerun roba, aka sa lemon kwalba cikin ƙanƙara. Manaja ta yi magana gajera mai daɗi. Ta ce ga mutumin da ke shigar da ƙatuwar mota ta ƙofar da akuya ma sai ta karkace, da kalmomi huɗu kacal. Ta miƙa masa takardar yabo cikin gilashi. Sannan ta buɗe kwali ta fito da kyautar. Ba fanka ba ce. Lasifika ce ta hannu, ja, mai batir.

"Don kalmominka huɗu su kai ko'ina," in ji ta.

Ya karɓa, ya juya ta, ya danna. Ta yi ƙara ƙiii. Ya kai baki, hannu ɗaya ya kama wuyan kwat.

"Mai girma mai kamfani. Mai girma Manaja. Mai girma Sakatare. Masu girma direbobi, dogo da gajere. Masu girma leburori. Bisa la'akari da wannan rana, wadda rana ce da ba kamar sauran ranaku ba, duk da cewa su ma sauran ranakun ranaku ne..."

Na dubi mutumin nan na ce wa ya sace mini suruki ya ajiye wannan. Ya yi ta yi. Ƙanƙara ta narke, lemo ya yi ɗumi. Mai kamfani ya yi gyangyaɗi har hularsa ta faɗi. Da ya tsaya jan numfashi, duk muka fashe da tafi iya ƙarfinmu don kada ya ci gaba. Shi kuwa ya ɗauka ƙauna ce. Na ga idonsa a lokacin. Irin idon akuyar da ta gano inda ake ɓoye hatsi.

Manaja tana ta dariya har da hawaye. Ta ce, "Kai, Tsaya, ashe ka iya tsiya haka! Ka kwaikwaye su daidai!" Ita a zatonta ba'a yake yi wa masu dogon bayani. Ni na san ba ba'a ba ce, don mutumin nan bai taɓa yin ba'a ba a rayuwarsa.

Washegari na dawo daga kai kaya, na saita mota a bakin ƙofa, na sa giyar baya, ina jiran zo. Sai na ji ƙiii.

"Barka da dawowa, direba. Da fatan an baro hanya lafiya. Idan babu wata damuwa, ana iya fara tunanin tahowa."

Na sauke gilashi na leƙo, abin da ban taɓa yi ba. "Kai! In zo ko kada in zo?"

"A ganina, zuwan zai fi alheri."

"Dama ko hagu?"

"Kowanne da amfaninsa, Yaya, amma idan aka auna..."

Ranar da ƙyar muka shiga. Kalmar tsaya ta fito, amma a wutsiyar wata doguwar magana, lokacin da tsakanina da bango bai fi kaurin yatsa ba. Dukan bodi kuwa babu shi, don hannu ɗaya na riƙe da lasifika, ɗaya na wuyan kwat. Na sauko. Ina juyawa na ga Gajere a jingine yana cin gyaɗa yana murmushi.

A gida abin ya fi muni. Ya zo da lasifikar a rataye a kafaɗa. Aka zuba abinci, ya kai loma ɗaya, ya ajiye cokali, ya miƙe.

"Yaya, bayan godiya bisa wannan karamci, wanda ba yau aka fara ba, ina so in ja hankalinki game da matsayin gishiri a cikin wannan miya. Ba wai babu shi ba ne. Akwai alamun an yi niyyarsa."

Jaririn maƙwabta ya farka ya tsala ihu. Ita kuwa baki har kunne, tana duban yara tana cewa, "Ku ji kawunku, ku koya."

Na ce, "Tsaya, ka lalace."

"Hassada ce," in ji ta. "Kai wa ya taɓa ba ka ko takardar naɗe burodi?"

"Ni na tsayar da shi, mace!"

"To ka tsayar da shi, ya wuce ka. Sai haƙuri."

Na ga abin ba na gida ba ne, na tafi ofis. Na ce wa Manaja ta karɓe lasifikar nan tun kafin a yi ɓarna, mutumin ya daina ba da hannu ya koma wa'azi. Ta ce ai wasa yake yi, zai gaji. Ta ce ma ta gayyato manajojin wasu kamfanoni su zo su gani da idonsu yadda magana a fili ke aiki, ni da shi za mu shigar da mota a gabansu. Na ce a kira shi ta ji da kunnenta. Aka kira shi. Ya shigo, lasifika a rataye, ba a baki ba.

"Tsaya, ranar baƙi kalmominka huɗu kawai nake so. Ka ji?"

"To."

Ta dube ni. "Ka gani?"

Me zan ce? Ciwon a lasifikar yake. In ba ta bakinsa, tsohon Tsaya ne.

Muna fitowa na ja shi bayan mota na kama shi a wuyan kwat. Na ce, "Buɗe kunnenka. Motar nan ita ce ƙuguna, ita ce mutuncina. Ba zan koma Kaka saboda kai ba. Ranar nan ba zan sauke gilashi ba, ba zan leƙo ba, ba zan tambaye ka komai ba. Yadda muka saba haka za mu yi. In ka ce zo, zan zo. Ƙafata ba za ta taɓa birki ba sai na ji tsaya. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Ya lallaɓa ya kai lasifika baki, ga shi ga ni, hancinmu na kusan haɗuwa. "Yaya, an fahimci damuwarka, kuma za a duba ta."

"Za a duba ƙeyarka!"

Ana gobe baƙi za su zo na faki idonsa na cire batiran na jefa a kwata. Da safe na tarar Sakatare ya ciro na agogon ofis ya sa masa. Ya ce wai bai kamata a bar baiwa ta mutu saboda rashin batir ba.

Baƙi suka zo, kowa cikin fararen kaya da takalmi mai ƙyalli. Aka zaunar da su a bakin rumfa. Don a burge su, Manaja ta sa leburori sun jera bokitan shuɗin fenti a ƙarshen haraba, bisa kan bisa kamar tudu, an juyo da tambarin kamfani waje. Gefen tudun farar motar mai kamfani ce. Matata ma ta zo, ta ci ado, ta zauna a layin gaba kamar ita ta haifi kamfanin. Sakatare na tsaye kusa da bokitai da sabon kwat ruwan toka.

Na saita mota. Na rufe gilashi, na kashe rediyo, na sa giyar baya. Ƙiii.

"Zo."

Na saki kuloci a hankali.

"Dama."

Na karya dama.

"Zo."

Na ce Allah na gode, ɗan nan ya warke. Mota ta shige ƙofa sumul kamar an shafa mata mai. To a nan ne wani baƙo mai tumbi, abin ya burge shi, ya tafa. Na kusa da shi ya tafa. Matata ta miƙe tsaye tana tafi. Duk rumfar ta ɗauka.

Ta madubi na hango gefen kwat ɗin nan ya juya. Ya ba motar baya, ya fuskanci baƙi.

"Na gode, na gode. Tun da manyan baƙi sun nuna sha'awa, zai zama rashin ladabi a ci gaba ba tare da an ce wani abu game da tarihin ba da hannu ba. Ba da hannu, ya ku jama'a, ya kasu kashi-kashi..."

Kalmar ƙarshe da aka ba ni ita ce zo. Don haka ina zuwa.

Ƙafata ta ɗaga da kanta ta nufi birki, na mayar da ita. Na ce a raina in na tsaya yau ba a ce ba, to har in mutu cikin zato zan riƙa tuƙi, shi yana wa'azi ni ina duba. Na gaya masa, kuma ni ba na magana biyu. Zai faɗe ta. Dole ya faɗe ta.

Na ji Manaja tana yi masa ihu, "Kai! Kai!" Ya waiwayo, ya ga inda nake, ya ga tudun fenti. Na ce yauwa, ga ta nan tafe.

"Ya kai direba, yayana kuma mijin yayata, tare da neman izinin manyan baƙi, ina so in ja hankalinka cewa, bisa la'akari da tazarar da ke tsakanin bayan wannan mota da kayan kamfani, wadda tazara ke ƙara raguwa a daidai wannan lokaci da nake magana..."

Fau! Bokitin farko ya fashe a ƙarƙashin taya.

"...kamar yadda kowa ya ji yanzu..."

Fau! Fau! Tudun ya karkata, ya yi tunani, ya zubo. Na ji ihu, na ji kujerun roba na kifewa. Wani abu shuɗi ya fallatso har madubina.

"...wanda hakan ke nuna akwai buƙatar a zauna a duba yiwuwar..."

"TSAYA!"

Bam, a bodin mota.

Na taka birki nan take. Ko motsi ba ta ƙara ba. Ni ba ruwana da bakin da kalmar ta fito, an ce tsaya na tsaya.

Da na sauko sai na ga Sakatare ne. Fenti ya wanke masa sabon kwat daga kafaɗa har takalmi, hannunsa na kan bodin mota, yana haki, shi kansa yana mamakin abin da ya fito daga bakinsa. Haraba ta zama tafki. Baƙi sun hau kan kujeru, fararen kayansu sun yi dabbare-dabbare. Mai tumbin ya zame ya zauna a ciki, ya ƙi tashi. Farar motar mai kamfani ta koma rabi fara rabi shuɗiya. Tsaya kuwa bokiti guda ya kife masa daga sama, ba ka ganin komai sai idanu, lasifika na hannunsa tana ɗigar fenti tana wani gurnani. Bayan motata ya daki ƙafar rumfa, ƙarfen baya ya lotsa, fitila ɗaya ta fashe.

Mai kamfani ya tako a hankali, ya ɗage wandonsa. Ya dubi motarsa, ya dubi tawa, ya dube ni.

"Direba, ba ka ji ƙarar bokiti ba?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

"Na farko?"

"Har na biyu da na uku."

"Me ya hana ka tsayawa?"

"Ba a ce in tsaya ba."

Ya juya wurin shuɗin mutumin. "Kai kuma me ya hana ka cewa ya tsaya?"

Tsaya ya tofar da fenti. "Ranka ya daɗe, ai can na nufa."

Matata ta taso tana riƙe da gefen zanenta da ya ɓaci. "Ranka ya daɗe, laifin wannan mai taurin kan ne! Yaro yana cikin bayani mai kyau..."

"Yaro?" na ce. "Mai furfura a gemu?"

Tsohon ya ɗaga hannu muka yi shiru. Ya buɗe tafinsa a gabana. Na ciro makulli na sa masa. Ban ga lokacin da Gajere ya iso ba, sai ganinsa na yi a gefe da matashinsa a hammata. Ashe tun safe ya zo da shi.

Manaja ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta je ta ciro takardar yabon nan daga bangon ofis inda aka rataye wa Tsaya ita, ta dawo cikin fenti da takalminta, ta tsaya gaban baƙi. Ta ce sun zo ganin amfanin magana a fili, to sun gani, har sun tafi da shaida a jikinsu. Ta ce yau mutum ɗaya ne ya faɗi abin da ake buƙata a lokacin da ake buƙatarsa, ta miƙa wa Sakatare takardar. Baƙin da ke kan kujeru suka fara ɗaga hannu za su tafa, ta ce, "Kada wanda ya tafa."

Sakatare ya rungume gilashin, ya kama wuyan kwat, ya buɗe baki. "Ranki ya daɗe, bisa..."

"A'a. Zauna."

Ya zauna. Lasifikar kuwa ta karɓe ta da yatsu biyu ta jefa cikin bokitin da ya rage da rabi, ta mayar da murfi.

Mai kamfani ya nuna ni da sanda, ya nuna Tsaya, ya nuna can ƙarshen haraba inda Kaka ke fake ƙarƙashin bishiya, kaji na kwana a cikinta.

"Kai ka tuƙa. Shi ya tura."

An sha wanke Tsaya da kananzir kafin ya dawo kalar mutane, har yanzu in ya yi gumi bayan kunnensa shuɗi ne. Yayarsa ta daina sa mini gishiri a miya gaba ɗaya, ta ce in ina so in tashi in yi jawabi. Shi kam ya warke sarai. Mutumin da ke tura Kaka cike da fenti ba shi da numfashin la'akari. Yana baya yana nishi, in ya samu iska ya ce, "Nauyi." In ta tashi ya ce, "Jira." In ta mutu a tsakiyar titi ya ce, "Kuma?"

Kowace safiya Gajere yana wuce mu a bakin ƙofa, a kan matashinsa, gilashi a rufe, rediyona na yi masa waƙa. Sai ya daidaita da ni ya danna hon. Ba na iya ɗaga masa hannu ko da zagi ne, don ɗaya na kan sitiyari, ɗaya na riƙe da igiyar ƙofa, ƙuguna kuma na kan katako.